Kwangilar kwashe shara: kafin a sa hannu, a faɗa mana wa za a ba da abin da za mu biya

Duk shekara idan damina ta kusa, maganar shara takan dawo bakin kowa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ma'aikatar magajin gari ta fiddo kamiyo biyu ko uku, a yi gayyar matasa da mata ranar Asabar, a yashe magudanan ruwa, talabijin ta nuna. Bayan mako biyu juji ya koma yadda yake. Wani lokaci ma dattin da aka yaso yana nan jibge a bakin hanya har ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ganin haka ne ya sa ake ta ba hukumomin birane shawarar su damƙa aikin kwashe shara ga ƴan kasuwa. Mu ba mu ƙi wannan shawara ba. Sai dai akwai tambayoyi biyu da ya kamata a amsa a gaban jama'a kafin a sa hannu kan kowace takarda: wa za a ba aikin, kuma ta wace hanya za a biya shi? A kan waɗannan biyu ne kwangilolin shara suka sha rushewa a ƙasashen maƙwabta, kuma talaka ne ya kwana cikin wari.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar kwalliyar gari muke yi. An yi Yamai Nyala daga 2011, an yi Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An samu tituna da fitilu, mun gode Allah, amma bayan biki sharar tana nan. A daminar 2024 ambaliya ta yi sanadin rasuwar kusan mutum 400 a ƙasar nan, ta shafi sama da mutum miliyon 1 da rabi, kuma Maraɗi da Damagaram suna cikin inda abin ya fi tsanani. Gaskiya ne ruwan ya yi yawa, amma duk wanda ya ga magudanar da leda da tsumma suka toshe ya san inda ruwan zai nufa: cikin gidajen mutane. A 2018 cutar amai da gudawa ta ɓulla a Madarunfa, a 2021 ta sake dawowa ta kama sama da mutum 5000 a jihohi da dama. Shara ba ita kaɗai ke kawo wannan cuta ba, amma inda juji ya haɗu da ruwan kwance da bahaya, to cuta ta samu masauki, sauro ma haka. Makiyaya da mahauta kuwa sun san yawan ledar da ake fiddowa daga tumbin dabba.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1993 aka kafa dokar tsabtar jama'a, a 1998 aka yi babbar dokar kare muhalli, a 2010 kundin dokokin ƙananan hukumomi ya ɗora alhakin tsabtar gari a wuyan ma'aikatun magajin gari, a 2014 kuma aka hana shigowa da baƙar leda mara kauri da sayar da ita. Kowa ya je kasuwar Katako ko kasuwar Dole ya ga inda wannan hani ya tsaya. Abin da ya rage shi ne tsari da kuɗi da sa ido.

Abin da ya faru da maƙwabta

A Bamako, a 2014 aka rattaba hannu da wani kamfanin ƙasar Maroko mai suna Ozone, ya soma aiki a 2015, a kan kuɗin da ya kai wajen miliyar 9 na sefa a shekara. An kawo sababbin motoci, an yi murna. Ba a jima ba bashi ya taru a kan hukuma, ma'aikatan kamfanin suka riƙa yajin aiki saboda rashin albashi, shara ta sake cika hanyoyi. A Dakar an ba kamfanin AMA kwangila ta shekaru masu yawa, a 2006 aka soke ta. A Legas, a 2017 gwamnatin jihar ta ɗauke babban ɓangaren aikin daga hannun ɗaruruwan ƙananan ƴan kwangila ta ba kamfani ɗaya, Visionscape. A 2018 tsibin shara ya mamaye titunan birnin, daga baya aka dawo da ƙananan da aka ture. Ko a Kamaru, inda kamfanin HYSACAM yake wannan aiki tun 1969 kuma ya san shi ciki da waje, duk lokacin da hukuma ta yi jinkirin biya, Duwala da Yawunde sukan ji a jikinsu.

Darasi biyu ke nan. Na farko, birnin da ya ɗora dukan shararsa a kan kamfani ɗaya, ranar da kamfanin ya tsaya gari duka ya tsaya. Na biyu, kwangilar da ta fi ƙarfin aljihun hukuma ba ta daɗewa, komin kyan motocin da aka nuna ranar buɗewa.

Wagadugu ta bi wata hanya. A 1995 magajin garin lokacin, Simon Kompawore, ya kafa ƙungiyar mata masu sharar tituna. Daga baya aka raba birnin yanki yanki aka ba ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi, a 2005 kuma aka buɗe babban wurin binne shara a Polesgo. Ba mu ce Wagadugu ta gama da matsalarta ba. Amma sun gane cewa aikin hawa uku ne: ɗauka daga ƙofar gida zuwa matattara, jigila daga matattara zuwa bayan gari, da kula da wurin da ake zubarwa. Kowane hawa da irin ma'aikacinsa da irin kuɗinsa.

Wa za a ba?

Abu na farko, a yi shela. Dokar kwangilolin gwamnati ta ƙasarmu ta ce a buɗe takara, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a gaban shaidu. Bayar da kwangila hannu da hannu an tanade shi ne domin lalura ta gaggawa. Shara kuwa ba gaggawa ba ce, kowa ya san gobe ma za a yi ta. Wanda ya zauna har ruwa ya sauko sannan ya ce lokaci ya ƙure, sai a ba wane, shi ya ƙirƙiro gaggawar da kansa. A yi shelar tun cikin rani, a jarida da gidajen rediyo, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, domin mai amalanke goma da ke Sabon Gari shi ma ya ji.

Abu na biyu, a raba gari. Yamai da Damagaram kowanne yana da da'ira 5, Maraɗi 3, Tawa 2. Ko cikin da'ira ɗaya unguwanni ba iri ɗaya ba ne. Lungunan Birni a Damagaram ko na Bagalam da Mokoyo a Maraɗi ba sa ɗaukar babbar mota, sai kura da amalanken jaki da babur mai ƙafa uku. Unguwar Filato a Yamai kuwa kamiyo zai iya tsayawa a ƙofar kowane gida. A yanka gari kashi kashi, a ƙayyade yawan kashin da mutum ɗaya zai iya riƙewa. Ta haka hukuma za ta iya gwada aikin wannan da na wancan, kuma idan ɗaya ya gaza, maƙwabcinsa ya riƙe kafin a sami wani.

Abu na uku, kada a manta da waɗanda ke aikin tun da daɗewa. A kowace unguwa akwai samari masu kura da ƙungiyoyin mata da ke bi gida gida, akwai masu tsintar ƙarfe da roba da gorar ruwa, akwai maƙeran Katako da ke narka gwangwani su yi tukunya, akwai manoman gefen gari da ke sayen juji su kai gona taki. Kwangilar da za ta kore su za ta ƙara yawan marasa aiki, kuma za ta rasa mutanen da suka san kowane lungu. A yi musu rajista, a ba su hawa na farko, a nuna musu matattarar da za su zuba. Laifinsu a yau shi ne suna karɓar kuɗi a ƙofar gida su juye a Gunti Yena ko bakin gulbi ko cikin kududdufi, kuma sau da yawa dalilin shi ne ba a tanadar musu wani wuri ba.

Abu na huɗu, araha ba ta ado. Wanda ya kawo tayi mafi ƙanƙanta ba lalle ne shi ya fi cancanta ba. Wani yakan karya farashi don ya samu shiga, bayan wata shida ya dawo yana neman ƙari, ko ya rage zuwa unguwannin da babu manya, ko ya danne haƙƙin leburori. A ɗauki lissafinsa a duba. Tun farkon 2024 albashi mafi ƙanƙanta a doka jika 42 ne a wata. Idan kuɗin da ya nema ba zai biya mutanen da ya ce zai ɗauka ba, balle gazuwal da taya da gyaran mota, to tayin ƙarya ne, a ajiye shi gefe. Kuma kada kwamiti ya tsaya ga takardu. Ya je garejin mutum ya ga motocin da idonsa, ya sa a tada su, ya duba takardun mallaka, domin an san yadda ake aron mota ranar dubawa. A tambayi inda ya taɓa aiki, a kira can a ji.

Abu na biyar, a bayyana mai kamfanin na ainihi. Idan na ɗan'uwan wani babba ne a ma'aikatar, ko na wanda ke cikin kwamitin zaɓe, a sani tun da wuri a fitar da shi. Sannan wa'adi ya zama na hankali. Shekara ɗaya ta yi kaɗan, ba wanda zai ci bashin banki ya sayi mota a kanta. Shekara ashirin kuma ɗaure gari ne. Tsakanin shekara 3 zuwa 5, tare da dubawa kowace shekara, ya isa mai gaskiya ya mayar da kuɗinsa.

Ta yaya hukuma za ta biya shi?

Nan ne ake yawan yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke masa kuɗi dunƙule kowane wata. Hukuma ta san abin da za ta fitar, amma ɗan kwangila ya san ko ya kwashe ko bai kwashe ba kuɗinsa na nan, kuma duk tafiyar da ya rage riba ce a gare shi.

Hanya ta biyu ita ce biya bisa nauyi, tan kaza kuɗi kaza. A ƙasashen Turai wannan na tafiya daidai. A nan kuwa sai a yi hattara. Binciken da aka yi a biranen Sahel ya nuna wajen rabin nauyin sharar gidajenmu yashi ne da ƙura, saboda tsakar gidajenmu ƙasa ce kuma mata na share ta safe da yamma. Wanda ake biya bisa nauyi ba shi da dalilin tace yashi, hasali ma yana da dalilin ƙara shi. Zai bar leda, wadda ba ta da nauyi amma ita ke toshe magudana, ya loda ƙasa da ɓaraguzan gini. Kuma wannan hanya tana bukatar babban sikelin awon mota a bakin wurin zubarwa, da ma'aikaci mai amana a kansa. Inda babu sikeli, tan ɗin da ke kan takarda ƙiyasi ne kawai.

Hanya ta uku, biya bisa yawan sawu. Ita ma an san dabararta: mota ta tafi da rabin lodi, ko ta juye a filin da ke kusa ta dawo, a rubuta sawu goma alhali biyar aka yi.

Shawararmu ita ce a haɗa. Kashi mafi girma na kuɗin ya rataya a kan abin da ido ke gani: matattarar nan an kwashe ta a ranakun da aka yi alkawari ko ba a kwashe ba? Kashi na biyu a biya bisa lodin da ya isa wurin da hukuma ta keɓe, da tikitin da wani ma'aikaci daban ya buga wa hatimi a can. Duk ranar da aka tsallake a yanke wani abu daga kuɗin watan, kuma a rubuta adadin cikin yarjejeniya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Adalci kuma ta kowane ɓangare ne. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga 538 F zuwa 668 F, a 2024 aka sauko da ita zuwa 618 F. Kwangilar da ba ta faɗi abin da za a yi ba idan mai ya hau ko ya sauka, rigima take jira. A rubuta ƙa'idar gyaran farashi, ta yi aiki sama da ƙasa. A rubuta ranar biya da tarar da hukuma ita ma za ta biya idan ta makara. Kuɗin shara a ajiye su a asusu na dabam wanda ba a taɓawa don biki ko tarbar baƙi. Abin da ya faru a Bamako ya ishe mu gargaɗi.

Mu kuma me za mu biya?

Akwai masu cewa tun da muna biyan lanho da kuɗin tikitin kasuwa, bai kamata a sake tambayarmu ko dala ba. Suna da hujja, kuma hukuma ce ya kamata ta nuna musu inda waɗancan kuɗi suke shiga. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu ba ma biyan harajin, kuma da yawanmu muna ba mai kura dala goma ko ashirin ya ɗauke mana kwandon shara ba mu tambayi inda zai kai ba. Ke nan biya muna yi, sai dai ba ya tsabtace gari.

Bari mu yi lissafi na misali. Mu ɗauka unguwa mai gida 2000, kowane gida jika 1 a wata. Idan kowa ya biya an tara miliyon 2. Idan rabi suka biya, miliyon 1. A ce amalanke 10 ne ke aikin, kowanne da mutum 2. Albashin mutum 20 a kan jika 42 ya kama jika 840. Abin da ya saura ba zai wuce abincin jakai da gyaran taya da safar hannu ba. Babu kuɗin kamiyo a ciki, babu na gazuwal, babu na katafilar da za ta binne. Wannan lissafi yana nuna cewa kuɗin da magidanta za su iya bayarwa hawa na farko kawai zai ɗauka, daga ƙofa zuwa matattara. Jigila zuwa bayan gari da kula da wurin zubarwa nauyi ne na ma'aikatar magajin gari da gwamnati, daga haraji. Duk ɗan kwangilar da ya ce zai yi duka da kuɗin magidanta kaɗai, ko dai zai tsawwala farashi, ko ya tsaya ga unguwannin masu hali.

Saboda haka hukuma ce za ta yanke farashi, ta buga shi, ba ɗan kwangila ba. Kuma ya zama hawa hawa. Gidan haya mai ɗaki ɗaki a Bukoki ba daidai yake da gidan bene a Kwara Kano ba. Otal, gidan abinci, babban kanti da tashar mota su biya gwargwadon abin da suke fitarwa. Sharar asibiti da ta mahauta kuwa a fitar da su daga wannan lissafi, a yi musu tsari nasu, domin allura da jini ba kayan amalanke ba ne. Duk wanda aka ba unguwar masu hali a haɗa masa da ta talakawa a cikin kashinsa, ribar can ta rufe giɓin nan.

Wasu na ba da shawarar a biya bisa kowane bokiti ko buhu, wanda ya fi zubarwa ya fi biya. A baki abin ya yi kyau. A aikace, uwar gida da ba ta da dala goma a ranar za ta jira dare ta aiki yaro ya juye a magudana. Kuɗin wata wata ya fi, tare da ba masu ƙaramin ƙarfi damar biya mako mako. Wasu kuma na cewa a ɗora kuɗin a kan takardar wutar NIGELEC, yadda aka ɗora na rediyo da talabijin na ƙasa. Tara kuɗin zai yi sauƙi, kuma mai shan wuta da yawa galibi shi ne mai hali. Amma gidaje da yawa a gefen gari ba su da mita, wasu gida biyar ne a kan mita ɗaya, kuma ba a yi wa mutum adalci ba idan aka cire masa kuɗi tilas alhali ba a taɓa ganin mai kwasa a layinsu ba. Idan za a bi nan, to a fara aikin tukuna, a ga yana tafiya, sannan a soma cirewa. Ko ta wace hanya aka bi, a ba da rasiti, ko a biya ta wayar salula yadda shaida za ta zauna.

Akwai kuma hanyar rage kuɗin gaba ɗaya. Gidan da ya tace shararsa da rariya ya bar yashi a tsakar gida, ya ware leda gefe, ya rage nauyin da jaki zai ja da wanda mota za ta ɗauka. Irin wannan gida ya cancanci rangwame.

Wa zai sa ido?

A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a duk faɗin ƙasa, aka samu ƴan majalisar da'ira da ke iya tambayar magajin gari lissafi. A watan Afirilu na 2024 aka rusa waɗannan majalisu aka naɗa kantomomi. Inda babu majalisar da za ta tattauna kwangila, nauyin bayani ya ƙaru a kan mai sa hannu. Kantoman da ya yi aikinsa a fili ya kare kansa daga zargi, ya kuma bar wa wanda zai gaje shi takarda mai tsabta.

Abin da muke nema ba shi da tsada. A manna yarjejeniyar a ƙofar ma'aikata, a karanta muhimman sharuɗɗanta a rediyo cikin harsunan gida. Kowace unguwa ta san sunan mai kwasar shararta, ranakun zuwansa, farashin da aka yanke da lambar da za a kira idan bai zo ba. Mai unguwa da wakiliyar mata da wakilin matasa su sa hannu a ƙarshen wata cewa an yi aikin, kafin a fitar da kuɗi. Bayan kowane wata uku hukuma ta faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe da tarar da aka yanke. Sannan jami'an tsabta su hukunta mai zubarwa a magudana, babba ne ko ƙarami, amma bayan an tanadar masa inda zai zuba.

Muna kira ga kantomomin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da su soma wannan shiri tun cikin rani, su keɓe matattarai da wurin zubarwa kafin su kira ƴan kwangila, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga ƴan kasuwa su kawo farashin da za su iya cikawa. Mu kuma magidanta, idan aka zo ranar da aka ce za a zo, mu biya, mu karɓi rasitinmu, mu adana shi. Da shi ne za mu tsaya gaban hukuma mu tambayi haƙƙinmu ranar da aka saɓa alkawari. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kai mu damina lafiya.